Za a iya gina gidaje da makaranta a filin tsohuwar masana'anta?

Tambaya: Ina cikin kwamitin da hukumar birninmu ta kafa kan wani fili mai faɗin hekta shida. Wata masana'anta ta yi kusan shekara talatin a wurin tana harhaɗa batiran mota, tana kuma yi wa ƙarafa rufin ƙyalli. Shekara ashirin ke nan da rufe ta, kamfanin ma ya mutu. Yanzu makanikai da 'yan gwangwan ne a gefe guda, yara na buga ƙwallo a ɗaya gefen, gidajen da ke kewaye kuma ruwan rijiya suke sha. Ana son gina gidaje masu sauƙin kuɗi, da makarantar firamare, da kasuwa, da tashar mota. Kuɗinmu kaɗan ne. Wasu a kwamitin na cewa ruwan saman shekara ashirin ya wanke komai, a zuba jar ƙasa kawai a fara gini. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, na gode da ka tsaya ka yi tambaya tun katafila ba ta shiga filin ba. Mu masu wannan aiki yawanci ba a tuna da mu sai an haƙa ramin harsashi an ga ruwan da ya taru a ciki ya yi ruwan ɗorawa, ko leburori sun fara kukan ciwon kai. E, ana gini a kan irin wannan fili, an yi a birane da yawa an zauna lafiya. Sai dai ba kowane gini ne ya dace da kowane ɓangarensa ba.

Bari in fara da zancen ruwan sama, tunda shi ne mafi araha, shi kuma zai fi shiga kunnen 'yan kwamiti. Dalma ba ta ruɓewa. Man dizal ƙwayoyin halittar ƙasa na cinye shi a hankali, ita kuwa ƙarfe ce, inda ta faɗi nan take zama, ta maƙale a 'yan santimitocin sama, daidai inda yaro ke rarrafe. Tun 1994 aka rufe mahaƙar dalma ta Kabwe a Zambiya, amma har yau ana samun yaran unguwannin da ke kusa da ita da dalma mai yawa a jini. Abin da ruwan sama ya iya ɗauka kuwa, ƙasa ya yi da shi, zuwa ruwan da rijiyoyin maƙwabtanku ke ja. In ma maganar "ruwa ya wanke" gaskiya ce, to tambayar ita ce ina ya kai wankin.

Kada kuma tsoro ya sa ku ce sai an kwashe ƙasar filin kaf an kawo sabuwa. Yi lissafin da kanka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In aka kankare rabin mita kawai daga sama, an tara ƙasa kubik mita 5,000, wato tan 8,000 ko fiye. Tifa mai ɗaukar tan 20 sai ta yi sawu 400 kafin ta kwashe, ta sake yin wani 400 ta kawo mai kyau. Ninka wannan sau shida, sannan ka tambayi kanka ina za a zubar. Ko Holan, da kuɗinta da injiniyoyinta, ta gwada ta ja da baya. Bayan an gano a 1980 cewa wata sabuwar unguwa a Lekkerkerk a kan sharar sinadarai take, ƙasar ta ɗauki manufar cewa duk filin da aka gyara sai ya dace da kowane irin amfani, har noma. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ta ga hanyar ba mai ɓullewa ba ce, ta koma gyara fili gwargwadon abin da za a yi a kansa. Shawarar da zan ba ku ke nan.

Guba a ƙasa ba ta cutar da kowa sai abu uku sun haɗu: ita kanta, da mutumin da za ta shiga jikinsa, da hanyar da za ta bi ta kai gare shi. Dalmar da ke ƙarƙashin daɓen kankare na tashar mota tana nan daram, amma ba ta da hanyar zuwa bakin kowa. Ita ɗin dai, a tsakar gida mai turɓaya inda ɗan wata goma ke kai hannu baki, ƙofa a buɗe ta samu. Inda hanya ke toshuwa a toshe, inda ba ta toshuwa a nan ake kashe kuɗin kwashe ƙasa.

A nan ne nake faɗa da rahotannin da ake kwafowa daga ƙasashe masu kuɗi a canza sunan gari kawai. Lissafin haɗarin da ke cikinsu an yi shi ne da mutumin da ke shan ruwan famfo, ƙofar gidansa kwalta, tsakar gidansa ciyawa ko siminti. A unguwar marasa ƙarfi ƙasa a buɗe take. Iska na ɗaga ƙura ta shigar da ita ɗaki, ana girki da shanya a waje, ana haƙa rijiya da masai, kaji na tonon ƙasa ana cin ƙwansu, wani ya ɗebi ƙasar filin ya buga tubali. Yara da yawa kuma jikinsu ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe da kalsiyam, kuma jikin da ke wannan hali ya fi zuƙar dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga dalmar da aka haɗiya, ƙaramin yaro na zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa. Duk ƙwararren da kuka ɗauka, ku sa shi ya yini a unguwar kafin ya buɗe kwamfutarsa.

Aikin farko ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Tarihin filin za ku tono: tsofaffin taswirori, takardun izinin gini, da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth da kowa ke iya dubawa kyauta. Amma babbar taska tsofaffin ma'aikata ne. Na taɓa zagaya wani fili da wani dattijo da ya yi shekaru yana gadin masana'antar. Taswirar da aka ba ni ta nuna lambu a kusurwar gabas. Da muka isa sai ya tsaya, ya dogara sandarsa, ya ce, "Yaro, lambu a takarda. Nan muke juye ruwan batir da daddare in tanki ya cika." Na duba, ciyawa ta kewaye ko'ina amma ta bar wata da'ira tsirara kamar faɗin ɗaki, ƙasar ta yi fari-fari. Na sa dunduniyar takalmi na tona, sai ga ɓaraguzan baƙar robar batir. Da taswira na bi, da ban ɗebi ko cokali ɗaya a wurin ba. Ku nemo irin waɗannan mutane, direbobi da masu shara da masu gadi, sun fi manajoji sanin bayan gida. Ku tambaye su ina ake narka dalma, ina kwata ke bi, ina aka binne tankin mai, ina ake ƙona shara, an taɓa gobara ko ba a taɓa ba.

Ga dalilin nacina. A ce kun ja layi-layi kuna ɗiban samfur duk bayan mita 25. Samfur 16 ke nan a hekta, kusan 100 a filinku, ba ƙaramin kuɗi ba. To ramin guba mai faɗin mita 5, damar da samfur zai faɗa kansa kusan 3 cikin 100 ce kawai. Kuna iya kashe kuɗin, sakamako ya fito tas, gubar na kwance tsakanin ramuka biyu tana kallonku. Shi ya sa ake haɗa samfurin layi da samfurin da aka nufa kai tsaye inda tarihi ya nuna.

Daga sana'ar da ka ambata, ga abin da nake zato. Batir na nufin dalma, da arsenik da antimoni da kan rako ta, da ruwan asid da ke sa ƙarafa su narke su bi ruwa. Rufin ƙyalli na nufin kuromiyam da nikel da kadmiyam, wani lokaci har da sayanayid. Kuromiyam iri biyu ne, kuma sai kun ce wa ɗakin gwaji ya bambance: mai lamba uku ba ya yawo sosai, mai lamba shida kuwa yana narkewa a ruwa, ya rina shi ruwan ɗorawa, yana kuma jawo cutar daji. Sai wanda aka fi mantawa, ruwan da ake wanke maiƙo daga jikin ƙarfe kafin a rufe shi, irin su TCE. Wannan mugu ne. Fetur da dizal a saman ruwa suke yawo, ana iya cim musu. TCE ya fi ruwa nauyi, sai ya nutse ya yi ta ratsawa har ya tarar da yumɓu ko dutse ya kwanta, ya riƙa sakin guba kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Tururinsa kuma kan taso ta tsagar daɓe ya taru a ɗaki, don haka kankaren da ya tare dalma ba lallai ya tare shi ba. Ku ƙara da man tsohuwar taransifoma, wanda kan ƙunshi wani sinadari mai guba da ake kira PCB, da rufin asbestos da ya farfashe, da baƙin man da makanikai suka zubar a 'yan shekarun nan.

Akwai abin da ba zai jira rahoto ba. A nema wa yaran nan wani filin ƙwallo tun yanzu, a gwada ruwan rijiyoyin da suka fi kusa, a kuma leƙa a ga ko 'yan gwangwan na fasa batir a wurin. A unguwar Ngagne Diaw ta Thiaroye-sur-Mer, a gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. An daɗe ana fasa batir a can, ƙasa ta cika da dalma, da farashinta ya tashi sai mutane suka shiga kwasar ƙasar a buhu suna kaiwa gida suna tankaɗewa don su tsince ta su sayar. Ku haɗa kai da asibiti a gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara shida da mata masu ciki. Babu adadin dalma a jini da aka san ba ya illa. Daga maikurogiram 5 a kowace desilita ta jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nemo inda yaron ke samunta a raba shi da ita, kusan daga 45 kuma ake maganar maganin fitar da ita. A Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje, likitoci sun nace sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma inda ya kwaso ta, an gudu ba a tsira ba.

Ga ƙarafa, abin da ya sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi aiki shi ne na'urar XRF ta hannu. Kamar ƙaramar bindiga take, ana ɗora bakinta a kan ƙasa, cikin minti ɗaya ta nuna yawan dalma. Mutum biyu na iya auna wurare masu yawa a yini guda, kuma ba sai kun saya ba, ku tambayi jami'o'i da hukumomin ma'adinai. Amma tana da iyaka. Jiƙaƙƙiyar ƙasa na rage mata gani, ba ta bambance kuromiyam mai uku da mai shida, ba ta ganin mai ko TCE, inda dalma ta yi yawa kuma takan rikice wajen karanta arsenik. Ɗaya cikin kowane samfur goma ko ashirin a tura ɗakin gwaji a tabbatar. A auna santimita biyar na sama daban, shi yara ke taɓawa, sannan a haƙa ramukan gwaji har a wuce ciko a kai ga asalin ƙasa. Kada awo ya tsaya a katanga. Hayaƙin narka dalma bai san iyakar fili ba, ku bi inda iska ta fi kaɗawa da inda kwata ke gangarawa, ku auna tsakar gidajen maƙwabta da ƙurar ɗakunansu.

Ɗakin gwajin ma a gwada shi. Ka raba samfur ɗaya gida biyu, ka ba su lambobi daban, ka tura ka yi shiru. In sakamakon ya yi hannun riga, ka san da wa kake aiki. Samfurin mai da TCE a rufaffiyar kwalba yake tafiya, cikin ƙanƙara, da gaggawa. Wanda aka zuba a leda ya kwana biyu a bayan mota zai fito tas, don abin da ake nema ya riga ya bi iska. Ka kuma kula da kalmar "matsakaici" a rahoto. In wuri 19 sun nuna dalma miligiram 40 a kilo, wuri ɗaya ya nuna 3,000, matsakaicinsu 188 ne, lamba mai kwantar da hankali. Yaron da gidansu ya faɗa kan na ashirin ɗin kuwa ba matsakaici zai haɗiya ba. Ka nemi taswira mai nuna kowane sakamako a daidai inda aka ɗebe shi.

Nawa ne "ya yi yawa"? In ƙasarku na da doka a kai, ita ce gaba. In babu, ku ari ma'aunin wata ƙasa ku rubuta wanda kuka ara tun sakamako bai fito ba, don kada a riƙa canza mudu in lambobi sun ƙi daɗi. Ƙasar da ba a taɓa ba, dalmarta yawanci ba ta kai miligiram 50 a kilo ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da 400 ga unguwannin zama, a Janairun 2024 ta sauko zuwa 200. Ga makaranta da gidajen da ƙasarsu ke buɗe, ni ƙaramar nake ɗauka.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne mai cin kuɗi, kuma kada ku yi wa kowa alkawarin wanke shi. Sai da rijiyoyin gwaji aƙalla uku ake sanin ina yake gangarawa, a auna lokacin ruwa, a sake aunawa da rani. Mai haƙawa ya zama ya san aikin, domin rijiyar burtsatsen da ta huda shimfiɗar yumɓu ba a toshe gefenta ba, ita da kanta za ta sauke guba zuwa ruwa mai zurfi da ke da tsabta. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha maikurogiram 10 ne a lita ga dalma da arsenik da benzin (wani sinadari mai guba da ke cikin fetur), 50 ga kuromiyam. Binciken hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar Ogoni, wanda ya fito a 2011, ya sami benzin ninki sama da 900 na ma'aunin a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ya kuma ƙiyasta gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30. In naku ruwan ya gurɓata, abin da ƙarfinku zai kai shi ne a tone tushen, tankin da ke yoyo ko ramin da ake juye ruwa, a kawo famfo, a rufe rijiyoyin, a ci gaba da awo. Famfon tukuna. Wanda ka rufe wa rijiya ba ka ba shi madadi ba, kafin mako ya buɗe abarsa.

In taswirar ta fito, galibi za ka ga gubar ba ta bazu daidai ba: 'yan wurare sun yi muni ƙwarai, wani yanki tsaka-tsaki, wajen ofisoshi da wurin ajiye motoci kuma kusan lafiya lau. Munanan a kwashe. In babu amintaccen wurin kai su, gara a cakuɗa ƙasar da siminti ko fosfet don dalmar ta daskare, a binne a rami ɗaya mai shimfiɗar kariya cikin filin, sama da inda ruwan ƙasa ke tasowa, a ƙarƙashin daɓen tasha, da a miƙa wa ɗan kwangila ya fita da ita. Na sha ganin ƙasar da aka biya kuɗin binnewa ta koma ciko a harabar wani bawan Allah. Yankin tsaka-tsaki a rufe shi: a shimfiɗa raga mai launi mai ɗaukar ido don duk mai haƙa ya san ya iso iyaka, a zuba ƙasa mai kyau a kai. A Ingila santimita 60 aka saba sa wa lambun gida. Ka ga jar ƙasar 'yan kwamitinku tana da gurbi, amma bayan an san me ake rufewa, kuma ita ma sai an gwada ta kafin a sauke.

Ƙasar da dizal ya jiƙa mai sauƙi ce: a baje ta a kan shimfiɗa, a sa taki, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa, inda ake zafi cikin watanni ta gyaru. Za a kuma zo muku da zancen shuke-shuken da ke zuƙe guba. Ga dalma ban yarda da shi ba, aikin shekaru gommai ne, kuma a unguwar da dabbobi ke yawo, ganyen da ya zuƙi guba harawa ce.

Lokacin aikin kansa ya fi kowane lokaci haɗari. A garin Corby na Ingila, bayan rufe masana'antar ƙarfe a 1980, hukumar garin ta shafe shekarun 1980 da 1990 tana kwashe sharar a motocin da ba a rufe ba, laka na zuba a tituna ta bushe ta zama ƙura. Aka haifi yara da nakasa a hannu da ƙafa. A 2009 babbar kotu ta yanke cewa hukumar ta yi sakaci, kuma ƙurar na iya zama sanadi. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Ku rubuta a kwangila baƙi da fari: a riƙa yayyafa ruwa, kowace tifa da tamfol, a wanke tayoyi a bakin ƙofa, a tsaya ran da iska ta yi ƙarfi, leburori su yi wanka su canza kaya a wurin kada su kai wa 'ya'yansu gida.

Yanzu ga abin da na fi so ka kai wa kwamiti. Kada a zana tsarin gini sannan a ce fili ya bi. A ɗora zanen a kan taswirar guba. Tashar mota da rumfunan kasuwa masu daɓe su hau yankin da ya fi muni. Inda ake da tururin TCE a yi buɗaɗɗen gini da iska ke ratsawa, ko a sa ledar kariya da bututun fitar da iska a ƙarƙashin daɓe. Gidaje da makaranta su tafi inda ya fi tsabta, ko da ba nan mai zane ya so ba. Kuma, Malam, don Allah kada ku yanka yankin da aka rufe ku raba fuloti-fuloti kowa ya gina nasa. Rufin santimita 60 na aiki ne muddin ba a huda shi ba, mai fuloti kuwa a shekarar farko zai haƙa harsashi da masai da rijiya, ya baje ƙasar da ya tono a tsakar gida. Ba laifinsa ba ne, haka ake gina gida inda babu famfo babu magudana. In gidaje za su hau wurin, hukuma ta gina su da kanta, benaye ko jere, tsakar gida a daɓe, ruwa da magudana a shirye kafin a tare, ramukan bututu kuma a cika su da ƙasa mai kyau saboda mai gyaran gobe. In ƙarfinku bai kai nan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi: ku rage yawan gidajen, ku tsaya a yanki mai tsabta.

Wani zai ce ai sai a rubuta sharaɗi a takardar fili. A rubuta, tilas ne. Amma ka san labarin Love Canal a Niagara Falls ta Amurka? Kamfanin Hooker ya binne sharar sinadarai sama da tan 20,000 a wata tsohuwar magudana, ya rufe da yumɓu, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu kan dala ɗaya, da gargaɗi a rubuce cikin takardar cinikin. Aka gina firamare, gidaje suka kewaye, aikin titi da bututu ya huda yumɓun. A 1978 aka fara kwashe iyalai, daga nan ne ma dokar Superfund ta 1980, ta gyaran filayen da guba ta ɓata, ta samo asali. Takardar ta faɗi gaskiya, amma tana durowa, mai diga yana fili. Taswirar gubar ta kasance a ofishin filaye, da wurin masu ruwa da masu wuta, da ofishin hedimasta, a kuma ɗora wa wani ofishi takamaimai, da ɗan kasafinsa, duba rufin duk shekara yana liƙe tsaga.

Dala ɗayan nan kuma darasi ce: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kafin hukuma ta karɓi takardun filin, lauya ya bi sawun wanda ya gaji kamfanin. Ƙa'idar wanda ya ɓata shi zai biya tana cikin sanarwar Rio ta 1992 da dokokin ƙasashe da yawa, amma kada ku jingina lafiyar yara da shari'a. A Bhopal ta Indiya, sai a Janairun 2025 aka fitar da sharar guba tan 337 daga harabar masana'antar da ta yi ɓarna a 1984. Ku sa ɗan abin da ke hannunku a tarihi da awon farko, domin rahoton nan shi ne abin da masu ba da tallafi za su fara tambaya. Bankin Duniya ya sa sama da dala miliyan 60 a 2016 a aikin gyaran garuruwan ma'adinai na Zambiya, har da Kabwe, asusun muhalli na duniya kuma na tallafa wa kawar da PCB a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Yankin bakin titi in ya fito da tsabta a ba da shi haya, kuɗin ya shiga asusu na daban da ba a taɓawa sai don filin. Ku kuma rubuta tun yanzu su wa za su shiga gidajen, domin fili na gyaruwa farashinsa zai tashi, waɗanda suka shaƙi ƙurar shekara ashirin su ne na farkon da za a ture.

Makanikai da 'yan gwangwan kada a kore su kawai. In aka kore su, fasa batir zai koma lungu da tsakar gida, inda ya fi kisa. A ba su wuri mai daɓe, batir a riƙa tarawa a rufe ana kai wa masu lasisin narkawa. Kowane gidan da aka auna kuma a ba shi sakamakonsa, a yi masa bayani da bakin da zai gane.

Wanda ya yi awo kada ya zama shi zai yi gyara, wanda ya yi gyara kuma kada ya zama shi zai ce an gama. A riƙe kason ƙarshe na kuɗin kwangila sai wani daban ya ɗebi samfur a gindin kowane rami da gefensa kafin a cike, ya huda rufin nan da can ya auna kaurinsa da tef. A makarantar kuwa, ni sai na riƙe sakamakon ƙasar filin wasa, da na ruwan famfo, da na iskar azuzuwa a hannuna kafin in yarda a ɗauki yaro ko ɗaya.